Katin gem ko katin ƙwararru: wanne ya dace da mai aikin renda a ƙauye?

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka. Saƙonka ya yi tsawo, kuma tsawon ne ya taimake ni, don yawancin masu tambayata wane katin hoto za su saya, wato sashen kwamfuta da ke zana hoto a allo, sunan kati kawai suke faɗa, ba sa faɗin kwamfutar da za a saka shi a ciki, balle wutar da zai sha.

Ka ce ka gama karatun zanen gine-gine ka dawo gida, wani ƙauye a gefen Babura, kana zana wa mutane gidaje da masallatai da gidajen mai, kana fitar musu da hoton ginin tun ba a aza bulo ko ɗaya ba. Kana zane a manhajojin SketchUp da Revit, kana renda, wato fitar da hoton nan, a Lumion, ka fara taɓa Blender. Kwamfutarka HP Z440 ce ta hannu, da tsohon kati Quadro K2200 mai memori giga 4 a cikinta. Wutarka sola ce, batir biyu masu ruwa na 200Ah da inbata mai 1.5kVA. Mai shago a birni ya jera maka kati huɗu: Quadro P4000, RTX 3060 mai giga 12, RTX 3090 na hannu, da RTX A4000 shi ma na hannu. Ya ce maka katin gem na yara ne, in ka ɗora masa aikin gaske ƙonewa zai yi, ƙwararre Quadro yake saye. Kana so ka ji ko hakan ne.

Na haura shekara goma ina haɗa wa masu zane kwamfuta, ni ma da renda nake cin abinci, kuma a Dambatta nake zaune, don haka ranar da ke dukan kwanon ɗakinka ita ke dukan nawa. Maganar mai shagon nan, rabinta gaskiyar shekara goma sha biyar baya ce, rabinta kuma ciniki ne.

Ƙwaƙwalen kati da NVIDIA, kamfanin da ke bayan duk katunan nan huɗu, take zanawa a kowane zamani, su ɗin dai take rabawa gida biyu. Wasu ta saka musu riga mai fitilu da manyan fankoki ta kira su GeForce, wasu ta saka musu baƙar riga siririya ta kira su Quadro. Sunan Quadro ɗin ma ta ajiye shi tun 2020, lokacin da ta fitar da RTX A6000, amma a kasuwarmu har yau duk katin ƙwararru Quadro ake ce masa, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo. Ɗauki A4000 ɗin da aka nuna maka. Ƙwaƙwalwar da ke cikinsa ana kiranta GA104, tana da ƙananan ma'aikata 6,144, waɗanda ake ce wa CUDA. Katin gem mai suna RTX 3070 Ti, ƙwaƙwalwarsa GA104 ce, ma'aikatansa 6,144. Ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Inda suka rabu shi ne na gem ɗin memorinsa giga 8 ne kuma yana shan wat 290, na ƙwararrun giga 16 ne yana shan wat 140. Haka 3090 da A6000, dukkansu GA102 ne: ɗaya ma'aikata 10,496 da giga 24, ɗayan 10,752 da giga 48. An fara sayar da 3090 a kan dala 1,499, A6000 kuwa ya haura dala 4,000. A zamanin da ya biyo baya tazarar ta ƙaru, RTX 4090 dala 1,599, ɗan'uwansa RTX 6000 Ada wajen dala 6,800. In ka ba su hoto ɗaya su fitar a Blender, muddin hoton ya shiga cikin giga 24, kusan tare za su gama, wani lokaci ma mai arahar ya riga, saboda an sakar masa wuta fiye da ɗan'uwansa.

Kamar bijimai biyu ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗaya an sake masa dusa da ƙowa ya ci iya cinsa, ya yi ƙarfi ya cika turke. Ɗayan an horar da shi a huɗa, ana auna masa abinci, ba ya gardama da garma. Ba za ka ce na farkon ba sa ba ne.

To kuɗin nan da ya ninka uku ko huɗu, me ake saya da shi? Abu na farko direba ne mai shaida. Direba a nan ita ce 'yar manhajar da ke tsakanin kati da sauran manhajoji. Kamfanonin da ke yin SolidWorks da CATIA da Siemens NX suna gwada wasu katuna da wasu direbobi, su ce wannan mun yarda da shi, in ya ba ka matsala ka kira mu. Masana'antar da ke ƙera sassan jirgi ko mota, mai injiniyoyi ɗari biyu, tana bukatar wannan takarda, don in layi ɗaya ya ɓace a allo asara ce ta miliyoyi, kuma tana son wanda za ta riƙe. A SolidWorks ma akwai wani yanayin nuna kaya mai suna RealView da a ƙa'ida ba ya buɗewa sai da katin da aka yi wa shaida. Wannan duk gaskiya ne, kuma daga nan maganar mai shagonka ta samo asali. Amma kai ba SolidWorks kake yi ba, kuma ko matsala ta taso ba wanda za ka kira daga Babura ya ɗauka. Ga shi tun 2019 NVIDIA ta fitar wa katunan gem wani direba na daban mai suna Studio, wanda ake gwada shi da manhajojin zane da renda da tace bidiyo. Kyauta ne. Shi nake saka wa duk wanda na haɗa wa kwamfuta, in ce kada ya taɓa shi sai in wata manhaja ta nemi sabo.

Na biyu memori mai gyara kuskurensa da kansa, wanda ake kira ECC. Wanda zai bar kwamfuta kwana huɗu tana lissafin yadda iska za ta bugi gada, kuskuren lamba ɗaya zai iya ɓata masa komai. Kai in hakan ta faru, ɗigo ɗaya ne zai canja launi a cikin miliyoyin ɗigo na hoton masallaci, ko a mafi muni ka sake renda. Ban taɓa ba wa mai zanen gida shawarar ya ƙara ko sisi saboda wannan ba.

Sauran biyun su ne masu amfani a wurinka, kuma su ne mai shagon bai ambata ba: yawan memori, da ƙarancin shan wuta tare da ƙanƙantar jiki. Zan dawo kansu.

Batun ƙonewa kuwa, ka tambayi kanka wa ya fi wahalar da kati, kai da kake renda awa uku, ko yaron da ke zaune a kan gem tun bayan azahar har tsakar dare? An yi katin gem ne don ya jure cikakken aiki na sa'o'i. Shekarun da aka yi ana haƙar kuɗin kirifto, da katunan gem aka yi, dare da rana ba kashewa. Kuma Lumion ɗin da kake cin abinci da shi, da fasahar gem aka gina shi. Twinmotion ma a kan Unreal Engine yake, injin da aka yi gem ɗin Fortnite da shi. Waɗannan manhajoji ba sa tambayar kati sunan gidansu. Ƙarfinsa suke gani da faɗin memorinsa.

Saboda haka P4000 ka cire shi daga lissafi tun yanzu. Katin 2017 ne, ƙanin GTX 1070, ma'aikatansa 1,792 kacal. Abin da ya fi wannan muhimmanci, an yi shi kafin 2018, shekarar da NVIDIA ta fara saka wa katunanta wani sashe na musamman mai bin sawun haske, wato mai lissafin inda haske ya fito, inda ya bugi bango, inda ya dawo ya faɗa kan tayil. Wannan sashe ne harafin RTX yake nufi. Lumion ya shigo da bin sawun haske a fitowarsa ta 2023, Blender kuma yana amfani da sashen ta hanyar wata fasahar NVIDIA mai suna OptiX, kuma bambancin gudun ba ƙarami ba ne. P4000 ba shi da shi, kuma ba direban da zai ƙara masa. Kati ne mai kyau a zamaninsa, na yi aiki da shi, amma sayensa yau don renda kamar ka sayi sabon akwatin rediyo ne don kallon ƙwallo. Ina zaton ya daɗe a shagon ne shi ya sa aka fi yabonsa.

Yanzu memori, wanda a ganina shi ne abu na farko da mai renda zai duba, kafin gudu. Ma'aikatan kati kamar 'yan gayya ne, memorin kuma shi ne filin masussuka. In 'yan gayya sun yi kaɗan, aiki zai daɗe amma zai ƙare. In fili ya kasa ɗaukar damman da aka kawo, aiki tsayawa yake. Duk abin da ke cikin zanenka, bango da taga da mota da bishiya da mutanen da ka jera a bakin ƙofa, da hoton fatar kowane abu, sai ya shiga memorin kati kafin a fara. Fatar nan ita ke cin wuri. Hoto ɗaya mai faɗin 4K, wato ɗigo 4,096 a tsaye da kwance, in ba a matse shi ba yana cin kusan mega 64. Mai 8K ya ninka huɗu, mega 256. Kuma kayan gini ɗaya, a ce marmara, yakan zo da hotuna huɗu ko biyar: na launi, na ƙyalli, na gurzar jiki, da sauransu. Kenan marmara ɗaya ta 8K da ka sauko da ita daga intanet don ta burge ka za ta iya cinye fiye da giga guda.

Na koyi wannan da tsada. Wata shekara wani Alhaji ya ba ni aikin rukunin gidaje ashirin da huɗu da masallaci a tsakiya, yana son bidiyo na minti biyu da zai nuna wa abokan kasuwancinsa. Katina a lokacin giga 8 ne, mai gudu sosai. Gida ɗaya-ɗaya yana fita lafiya lau. Da na haɗa su duka, na dasa darbejiya a gefen kowane titi, na zuba motoci, sai kwamfutar ta fara tafiya kamar mai ciwon ƙafa, in juya kyamara sai in ƙirga uku kafin allo ya biyo ni. Na danna renda bayan isha'i na kwanta. Da asuba na tarar manhajar ta rufe kanta tun a daƙiƙa ta tara ta bidiyon. Kwana biyu na yi ina cire bishiyoyi, ina rage girman fatar bulo da ta kwalta, ina raba bidiyon gunduwa-gunduwa. Da na kai aikin, abin da Alhaji ya fara tambaya shi ne ina inuwar da na nuna masa a hoton farko. Wani yaro da nake koya wa aiki, da 3060 ɗinsa mai giga 12 wanda bai kai nawa gudu ba, ya buɗe fayil ɗin nan cikakke ya fitar da shi. A hankali, amma ya fitar.

Don haka a aikinmu giga 8 ya zama na maleji, 12 zai riƙe ka a gida ɗaya da masallaci da gidan mai, 16 zai ba ka sarari har rukunin gidaje. Giga 24 na wanda ke yin manyan ayyuka ne kullum. Wanda aikinsa ya wuce 24 da gaske, shi ne dole ta sa ya nufi manyan katunan ƙwararru masu giga 48, ko RTX 5090 na 2025 mai giga 32, kuma irin wannan mutum ba daga aljihunsa yake biya ba.

Na san 3090 ne yake ja maka rai, giga 24 a farashin na hannu. Ni ma ya ja mini. Amma zo mu yi lissafin wutarka. Batir biyu na bolt 12 da 200Ah sun tara wat 4,800 na awa guda. Batir mai ruwa in kana son ya yi maka shekaru, ba ka zuƙe fiye da rabinsa, saura 2,400. Inbata za ta ci nata kason, a ce ya rage maka wajen 2,000. Kwamfutar ba tare da kati ba, haɗe da allo, ka ba su kamar wat 150. In ka ɗora 3090 mai wat 350, jimla 500, awa huɗu kenan. Da 3060 mai wat 170, awa shida da ɗoriya. Da A4000 mai wat 140, kusan awa bakwai. Wannan kuma in ba a kunna fanka ba, ba a jona firji ba, maƙwabta ba su kawo cajin waya ba, abin da ni da kai mun san ba zai yiwu ba.

Mai gardama zai ce ai 3090 ya ninka 3060 gudu, zai gama da wuri ya huta, wutar da aiki ɗaya ya ci ba ta fi ba. A Blender wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, don can kana zane kati na hutawa, sai ka danna renda yake tashi. A Lumion ba haka ba ne. Tun da ka buɗe fayil kati yake aiki, yana zana maka duniyar nan a allo sau da yawa a kowace daƙiƙa, kana jera bishiya yana shan wuta, kana neman inda za ka tsayar da kyamara yana shan wuta. Awa shida na gyare-gyare kafin renda ta minti arba'in, a nan batir yake tafiya. Ƙari a kan haka, an san 3090 da fizgar wuta farat ɗaya, ta ɗan ƙiftawar ido, sama da abin da aka rubuta masa, kuma fawa fak mara ƙarfi, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, kashe kansa yake in ya ji wannan fizga.

Wannan ya kawo mu kan akwatinka. Z440 ba irin kwamfutar da ake haɗawa a kasuwa ba ce. Fawa fak ɗinta na gidan HP ne, bakin wayoyinsa daban, ba za ka cire shi ka saka na kasuwa kai tsaye ba. Akwai mai wat 525, akwai mai wat 700, kuma mai 700 ɗin ne na sani da wayoyi biyu masu ƙafa shida na ciyar da kati. Ramin da ake soka kati yana ba da wat 75, waya mai ƙafa shida a ƙa'ida 75, mai ƙafa takwas 150. A4000 waya ɗaya mai ƙafa shida yake nema, gurbi ɗaya yake ci, ka soka ka rufe murfi. 3060 yawanci mai ƙafa takwas ɗaya yake so, sai ka nemi 'yar mahaɗa mai kauri da za ta haɗe shida biyu su zama takwas. 3090 kuwa yana neman masu ƙafa takwas biyu ko uku, NVIDIA ta ce a ba shi fawa fak na wat 750, kuma da yawansu saboda tsawo da kauri murfin Z440 ba zai rufu a kansu ba. Sayensa yana nufin sayen sabon akwati da fawa fak da madabod, babban faifan da ake soka komai a kansa, wato sabuwar kwamfuta. An gudu ba a tsira ba.

Sai tarihin katin kansa. 3090 na hannu da yawa sun shigo kasuwa ne bayan watan Satumba na 2022, lokacin da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da katuna wajen haƙa, masu rumbunan haƙa suka zubar da kayansu. Haƙa ba ta cika lalata ƙwaƙwalwar kati ba, memori take gasawa, kuma 3090 rabin memorinsa a bayan katin yake, inda ba fanka, ƙarfe ne kawai ya rufe shi. Na taɓa sayen ɗaya a hannun wani, fes da shi a waje, har ledar kwali. Ƙwaƙwalwar tana nuna digiri 70, na ce na dace. Da na duba zafin memori sai na ga 106, kuma irin wannan memori a wajen 110 yake rage gudu don ya ceci kansa. Na kwance shi a kan tabarma. 'Yan kushin da ke ɗauke zafi daga memori zuwa ƙarfe sun bushe sun zama kamar ƙanzo, suna farfashewa a yatsa, wani mai ya tsattsafo ya jiƙe gefen katin, a tsakanin haƙoran ƙarfen kuma ƙura ta daskare kamar auduga. Sai da na yi odar sababbin kushin na jira sati uku. Ya yi aiki daga baya, amma ni ina da kayan kwancewa da haƙurin yi. Ban ce kowane na hannu haka yake ba.

Kada ka ɗauka A4000 ya tsira daga zafi. Siririn jikin nan da ya sa ya shiga akwatinka shi ne kuma rauninsa: fanka ɗaya ƙarama mai hura iska ta fita ta baya, da ɗan ƙarfen sanyaya. An yi shi ne don ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Ko a can yakan haura digiri 80. Alƙaluman zafi da kake gani a bidiyon masu gwaji na Turai da Amurka, a ɗaki mai digiri ashirin da 'yan kai aka auna su, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙara, kati ma sai ya ƙara kusan haka. Ɗakinka mai rufin kwano a watan Afrilu, da azahar, ya kai 40. Ga kuma ƙulli: lokacin da farantan sola suke ba da wuta kyauta shi ne lokacin da ɗaki ya fi zafi, lokacin da gari ya yi sanyi kuma batir kake ci. Abin da nake yi shi ne in tara manyan renda in sake su da hantsi, daga wajen ƙarfe tara zuwa sha biyu, rana ta hau faranti amma kwano bai gama ɗaukar zafi ba. Sannan ina rage wa kati wuta da 'yar manhaja mai suna MSI Afterburner, in mai da shi kashi 75 ko 80 cikin ɗari. Gudun da ake rasawa kaɗan ne, zafi da shan wuta kuwa suna sauka sosai. In ka lura, abin da NVIDIA ta yi wa katin ƙwararru kenan tun daga masana'anta, kai ma za ka iya yi wa na gem da hannunka. Da hunturu kuma, kowane sati biyu ka fitar da akwatin tsakar gida ka hure shi da bulowa, ka danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kada ka ajiye shi a ƙasa, ɗora shi a kan tebur.

To a cikin huɗun nan, gasar tsakanin 3060 da A4000 take. A4000 ya fi gudu, ya fi memori da giga 4, ya fi ƙarancin shan wuta da wat 30, ya fi dacewa da akwatinka. In bambancin kuɗinsu bai wuce abin da aiki biyu ko uku za su mayar maka ba, kuma ya ci gwajin da zan faɗa maka, ɗauke shi. Ka lura dalilan da na lissafa, babu kalmar ƙwararru a ciki. In kuwa mai shago ya tsuga masa kuɗi saboda sunan, har ya ninka 3060, ɗauki 3060 hankalinka kwance, ragowar kuɗin ka ƙara wa kwamfutar memorinta na kanta, wato RAM, ya kai giga 32, ko ka ƙara farantin sola. Ka tabbata mai giga 12 ne, don akwai 3060 mai giga 8 da ya fito daga baya, sunansu ɗaya.

Akwai na biyar da ba a nuna maka ba, ka tambaya: RTX 4060 Ti mai giga 16, na 2023, wat 165, ko magajinsa 5060 Ti mai giga 16, na 2025, wat 180. Katunan gem ne, 'yan gem ma sun yi ta kushe na farkon, amma a renda kafaɗa da kafaɗa yake tafiya da A4000, kuma za ka iya samun ɗayansu sabo a kwali da garanti. In farashinsa ya yi kusa da na A4000 na hannu, ni sabon zan ɗauka, mai fanka biyu gajere wanda zai shiga akwati. Katunan kamfanin AMD, kishiyar NVIDIA, suna da memori mai yawa da araha, Lumion da Twinmotion suna tafiya a kansu, amma manhajar renda ta V-Ray a kan CUDA na NVIDIA aka gina sashenta mai aiki da kati, Blender ma ya fi sauri a OptiX, don haka mai shirin zurfafawa a renda ya zauna a NVIDIA.

Wani abu kuma da ba na so ka zo kana zargin kati a kansa. In SketchUp yana maƙalewa lokacin da kake juya babban zane, ko Revit yana jan ƙafa wajen buɗe fayil, sabon kati ba zai warkar da wannan ba sai kaɗan. Waɗannan manhajoji sun fi dogara da gudun furosesa, wato babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma furosesa Xeon da ke cikin Z440 na wajen 2014 zuwa 2016 ne, mai ɗaukar kaya ne amma ba mai sauri ba. Rendar da ke cikin Revit kanta furosesa take amfani da shi, haka manhajar renda ta Corona in wata rana ka koma can. A Lumion da Blender ne za ka ga canjin da zai sa ka yi dariya kai kaɗai.

Ranar da za ka shiga birni, kada ka yi cinikin biri a sama. Ɗauki fayil ɗinka mafi nauyi a filashi, da manhajar GPU-Z, in da hali ma ka ɗauki akwatin kwamfutar gaba ɗaya a mota, ya fi ka dawo gida ka tarar murfi ba ya rufuwa. A saka katin a gabanka. GPU-Z zai nuna maka ainihin ƙwaƙwalwar da adadin ma'aikata da memori, don akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna su fito a matsayin sababbi. A4000 na gaske GA104 zai nuna, da 6,144, da giga 16. Sannan ka sake masa renda ta rabin awa cur, kada ka yarda da minti biyar, kana kallon zafi, kana sauraron fanka ko tana gurnani ko kaɗawa, kana duba allo ko wasu ɗige-ɗige masu launi ko layuka za su bayyana. In allo ya ɗauke ya dawo ko sau ɗaya ne, mayar masa da kayansa. Duba kusoshin bayan katin ko an taɓa kwance su. In an kwance ba laifi ba ne, amma a faɗa maka dalili. A rubuta maka lambar jikin katin a rasit, da sharaɗin mayarwa ko da na sati ɗaya ne, a gaban wanda ya raka ka.

Kafin ka tafi, kashe kwamfutar ka zare wayar wuta, ka buɗe murfin gefe, ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin fawa fak, da na wayoyin da ke reto kusa da tsohon katin, ka turo mini. In mai 525 ne kuma babu wayar ciyar da kati, maganar ta canja: ko dai mu nemo mai 700 na Z440 a wurin masu kayan hannu, ko mu koma kan RTX A2000 mai giga 12, wanda wat 70 kawai yake sha daga ramin ba tare da waya ba. Ka gaishe mini da su Baba.